Zaɓen Abin Kiwo a Sabon Gida

A ƙasar Hausa da wuya a shiga gidan ƙauye, kome talaucin mai shi, a rasa turke a wani lungu ko akurki a gindin rumbu. Kiwo ya zame wa Bahaushe abokin noma tun kaka da kakanni, domin abin da gona ta bari dabba ce ke tsincewa, abin da dabba ta zubar kuma gona ce ke amfana da shi. Wannan sabo ne ya sa mutane da dama ke zaton babu wani abin dogon tunani a cikin zancen kiwo, watau wai kowa ya sami fili da 'yan kuɗi sai kurum ya doshi kara ya jawo abin da ya ba shi sha'awa. Ga al'ada kuma akan ce kiwo kaza ya karɓi wane, kiwo kaza bai karɓe shi ba, kamar dai dabbar ce ke zaɓen ubangijinta. Amma idan aka bi maganar a hankali, sau da yawa za a tarar abin nan da ake kira karɓa bai wuce dacewar dabba da halin gidan da aka kai ta ba, watau abincin da ke akwai, da hannun da zai kula da ita, da kuma irin bukatar da aka ajiye ta dominta. Labarin wani magidanci da ya kafa sabon gida a bayan wani gari da ke kusa da Wudil ya isa misali a kan haka.

Shi wannan bawan Allah malamin firamare ne, ya yi fiye da shekara 30 yana riƙe da alli, sa'an nan ya ajiye aiki a farkon shekarar 2023. Da kuɗin sallamarsa suka fito sai ya tashi daga gidan hayar da ya daɗe a ciki, ya koma gefen wata gona da ya gada, wadda ba ta wuce eka 2 ba. Ya gina ɗaki uku da zaure, ya haƙa rijiya, ya kewaye bayan gida da darni. Bayan an biya magina da kafinta, abin da ya rage a hannunsa kaɗan ne, kuma ya san daga su babu wasu, gama kuɗin sallama sau ɗaya suke zuwa a rayuwar ma'aikaci. Iyalinsa kuwa su ne uwargida, da 'ya'ya uku da suka rage a gabansa, biyu suna sakandare, babbansu ya gama yana jiran samun gurbi a jami'a, sai wata jika 'yar shekara biyar. Burinsa shi ne ya juya ragowar kuɗin nan su koma dabba, yadda gidan zai riƙa ganin nama a tukunya ba sai an je wurin mahauci kullum ba, in kuma wata lalura ta taso a sami abin kai wa kasuwa. Tambayar da ta hana shi barci ita ce, wace dabba?

Mutum na farko da ya ba shi shawara wansa ne, wanda ya girme shi da kamar shekara goma, bai kuwa taɓa yin wata sana'a ba sai noma. Ya ce masa, “Kai dai kada ka tsaya wasa da ƙananan abubuwa. Haɗa kuɗin nan ka sayi maruƙa biyu, a huda musu hanci a hore su. Su yi maka huɗa, su ja maka amalanke, ka yi wa mutane ƙwadago da su. Bayan shekara uku ka sayar, ka ga kuɗi a dunƙule.” Malamin ya ce, “Gaskiya ne, Yaya, sai dai bari in juya maganar tukuna.” Maganar wan nasa kuwa tana da tushe, domin shanun huɗa sun ɗaga gidaje da yawa a ƙasar Kano da Jigawa, kuma farin san nan da ake kira Bunaji yana da juriya da ƙarfin aiki, haka kuma Bokolo na ƙasar Sakkwato yana da saurin ƙiba in ya sami abinci.

Amma da ya zauna ya yi lissafi irin na wanda ya saba koyar da shi, sai ya ga inda gizo ke saƙa. Dabba mai tuƙa takan ci busasshen abinci kimanin kashi 3 cikin 100 na nauyin jikinta a kowace rana. Ke nan sa mai kilo 300 yana bukatar wajen kilo 9 na harawa da kara da dusa kullum, ga kuma ruwan da ba zai kasa lita 30 ba in zafi ya yi zafi. Shanu biyu za su cinye abin da eka 2 ta bari tun hunturu bai fita ba, daga nan sai saye. In kuwa karsana aka saya don haihuwa, to ba ta cika yin haihuwar fari ba sai ta kai shekara 4 ko kusa da haka, cikinta wata 9 ne, ɗa guda take haifa, sa'an nan sai a yi shekara ɗaya da rabi ko biyu kafin ta sake. Bugu da ƙari, duk dukiyarsa za ta taru ne a kan rai biyu tak. Ya tuna shekarar 1983, yana sabon malami, sa'ad da annobar bushiya ta ratsa Arewa ta bar makiyaya da yawa da sanda kurum. Ita dai wannan cuta an tabbatar da kawar da ita daga duniya a 2011, amma satar shanu da ta addabi Zamfara da Katsina da wasu sassan Kaduna ta nuna cewa mai saniya bai rabu da fargaba ba. Gida a bayan gari, babu maƙwabci kusa, da shanu biyu a ɗaure, talla ce ga ɓarawo.

Shawara ta biyu daga babban ɗansa ta fito, wanda ya ga abokansa suna kiwon kajin gidan gona. Ya ce, “Baba, waɗannan kajin cikin mako 6 zuwa 8 sun isa yanka. A shekara ɗaya sai a juya kuɗi sau biyar.” Uban bai raina maganar ba, har ya ɗauki ƙafa ya je ya ga wani mai irin wannan kiwo. Abin da ya gano shi ne, kazar gidan gona ba ta tsintar kome da kanta, duk abin da za ta ci daga buhu yake fitowa, abincin kuwa mafi yawansa masara ce da waken soya. A daidai wannan lokaci, bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, farashin masara ya yi tashin da ya sa masu kaji da yawa suka rufe gonakinsu. Har wa yau, waɗannan kaji ba a barinsu su yi iri a gida, kowane zagaye sai an sayo sababbin 'yan tsaki, waɗanda galibi daga wajen Ibadan ake yo lodinsu. Ba sa jure zafin bazara, kuma ranar da suka isa sayarwa tilas a sayar, ko kasuwa ta yi kyau ko ba ta yi ba, domin kowane kwana da suka ƙara riba suke ci. Ga kuma murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da ɓullarta a Nijeriya a jihar Kaduna cikin watan Fabrairu na 2006, ta kuma sha dawowa tun daga lokacin. Malamin ya gane cewa wannan kasuwanci ne na mai jari biyu, wanda in na farko ya nutse zai tashi da na biyu. Shi kuwa ɗaya gare shi.

Yaron bai karaya ba, ya kawo zancen zomo. A kan takarda babu dabbar da ta kai zomo kyau ga ƙaramin gida: cikin zomanya kwana 31 ne, takan haifi 'ya'ya 5 zuwa 8, abincinta ganye ne da 'yar dusa, ba ta kuka balle ta dami maƙwabta. Sai dai zomon gida yana wahala ƙwarai da zafin watan Maris da Afrilu, haihuwarsa takan ja baya a lokacin, kuma yana son keji mai tsabta wanda gafiya da kyanwa da tururuwa ba za su kai gare shi ba. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne kasuwa. Mai akuya ko kaza, kowace ranar kasuwa ya fita zai sami mai saye kafin azahar, amma mai zomo sai ya nemi wanda ya san daɗinsa. Aka bar maganar a kan cewa in yaron yana so ya gwada biyu ko uku da kuɗin aljihunsa, babu mai hana shi.

Daga nan ne malamin ya bar tambayar mutane wace dabba ta fi, ya koma tambayar kansa abin da gidansa ke bukata. Abu na farko da ya tsaya a kai shi ne girman tukunya. Gidan da babu wutar lantarki tsayayya, babu firji, tilas girman abin yanka ya dace da yawan bakunan da za su ci. Kaza ɗaya ta isa miyar dare ta mutum shida, a ci a side, babu abin da zai kwana. Taure ko rago sai an yi aikin yini guda ana suya, a ajiye soye a cikin mai, a yi dambun nama, a yi farfesun kayan ciki da na kai da ƙafa, a kuma aika wa dangi da maƙwabta. Sa kuwa ya fi ƙarfin gida ɗaya, shi ya sa ma Hausawa suka ƙago watanda, inda mutane da yawa ke haɗa kuɗi su yanka guda su raba kashi-kashi. Ashe wanda ke son iyalinsa su riƙa cin nama a kai a kai, ƙananan dabbobi yake bukata, domin mai sa ɗaya yana iya shekara uku bai ɗanɗana naman abin da yake kiwo ba.

Abu na biyu shi ne girman lalura. Bukatun gida ba su zuwa da girma ɗaya. Akwai ta kuɗin magani ko littafin makaranta, wadda zakara ɗaya ya ishe ta. Akwai ta kuɗin jarrabawa ko buhun takin zamani, wadda ke son akuya. Akwai ta aure ko jinya mai tsawo, wadda ke cin rago biyu ko uku. Mai sa guda, in ƙaramar lalura ta same shi, ba shi da ikon yanke cinya ya kai kasuwa ya bar saura yana kiwo, sai dai ya ci bashi ko ya sayar da dukan dabbar a lokacin da bai shirya ba, dillalai kuwa suna gane fuskar wanda matsi ya kawo kara. Kuɗin sa guda za su iya sayen awaki da yawa, kuma in cuta ta ɗauki ɗaya cikin goma, tara suna nan.

Abu na uku shi ne hannu. A da, yaran gida ne ke kora awaki daji su kuma yiwo ciyawa, amma nasa yaran suna makaranta tun safe har la'asar. Shi kansa gwiwa ta fara ba shi labari. Wanda ke gida dare da rana ita ce uwargida, kuma a nan ne ya lura cewa ya zaga gari yana neman shawara ya bar mai ita a cikin ɗaki. A ƙasar Hausa, kamar yadda kowa ya sani, yawancin awaki da tumaki da kajin da ke cikin gidaje na mata ne, su ke ba su ruwan tsari da ƙanzo da dusa, su ke gane wadda ba ta da lafiya tun kafin ta kwanta.

Da ya same ta da maganar bayan sallar isha'i, sai ta yi murmushi ta ce, “Malam, ai da ma jira nake ka gama yawonka. Ni dai a gidanmu da akuya aka yi mini kayan ɗaki. Wata biyar take ɗaukar ciki, in ta sami ci ta haihu sau uku a shekara biyu, kuma jar nan ba ta cika haifar ɗaya ba in ta wuce haihuwar fari. Ɓawon wake, ganyen da ya faɗo, ruwan wankin hatsi, duk ba ta raina ba.” Ya ce, “To ɓarnarta fa? Kin san akuya ba ta ganin shuka ta ƙyale.” Ta ce, “Da damina kowa ma ɗaure tasa yake yi har a kawar da amfani. Ka gyara mini darni, ka yi musu rumfa mai tudu inda ruwa ba ya kwanciya, sauran aikin nawa ne. Amma fa kaji ma a sayo, na gida, don ba za a yanka wa baƙo akuya ba duk ranar da ya sauka.”

Jar akuyar da take nufi ita ce wadda ake dangantawa da Sakkwato a Nijeriya, a Nijar kuma da Maraɗi. Ta yi suna tun zamanin ayari saboda fatarta, wadda majema ke jemewa a ketara Sahara da ita, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko don ta hannun fataken can take isa gare su. Ga ƙaramin gida kuwa, amfaninta shi ne yawan tagwaye da saurin balaga da kuma juriya. An ga haka a farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974, da kuma na 1983 zuwa 1984, sa'ad da shanu suka yi ta faɗuwa, awaki kuwa suka rayu a kan ganyen itatuwa da ƙaya, da su ne ma makiyaya da yawa suka sake tayar da garke. Dalili shi ne akuya sama take kiwo, tana miƙewa a kan ƙafafun baya ta kamo reshe, ita kuwa tunkiya ƙasa take bi, in ciyawa ta ƙare sai a ga ta rame.

Duk da haka malamin bai so ya bar tumaki gaba ɗaya ba, saboda rago yana da wata daraja da taure ba shi da ita. A mazhabar Malikiyya rago ne aka fi so ga layya, kuma shi aka saba yankawa ran suna. Magidancin da ba ya kiwo, kowace shekara sai ya saye shi a makon da ya fi kowane mako tsada. Ire-iren tumakin Arewa kuwa sanannu ne. Akwai Balami, fari ƙal, mai girman jiki, wanda ya fi yawa a wajen Barno. Akwai Uda mai launi biyu, gaba baƙi ko ja, baya fari, wanda ya saba da doguwar tafiyar kiwo tare da Fulani. Sai kuma 'Yanƙasa, fari mai baƙi-baƙi a ido da kunne da baki, wanda bai kai waɗancan girma ba amma ya fi su haƙuri da zaman gida da ƙaramin abinci. Balami shi ne abin kallo a kasuwar Maigatari ran Alhamis, sai dai cinsa daidai yake da girmansa.

Wanda ya warware masa wannan ƙulli wani dattijon Bafulatani ne da suka daɗe suna mutunci, tun sa'ad da 'ya'yansa ke aji a hannun malamin. Da ya ji bayani duka sai ya ce, “Malam, ku mutanen gari kuna fara sayen baki ne sa'an nan ku nemi abin da za ku sa masa. Mu kuwa sai mun ga ciyawa muke kafa ruga. Kada ka sayi ko da ɗan tsako sai kaka ta yi, ka ɗaure harawarka ka hau da ita bisa rumfa, ka ƙirga dami nawa ne. Damin nan shi zai gaya maka dabba nawa za ka iya.” Malamin ya ce, “To, Baffa, ragon fa?” Ya ce, “Kada ka ajiye tumaki mata tukuna. Sayi raguna biyu ramammu amma masu ƙashi da lafiya, wata uku ko huɗu kafin Salla, ka turke su. Ɗaya naka, ɗaya ya biya kuɗin abincin duka biyun.”

Wannan shawara ta harawa ta fi yadda ake zato nauyi a waɗannan shekaru. Babbar Salla tana matsowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara. A 2024 ta faɗo a tsakiyar watan Yuni, a 2025 kuma a farkonsa. Ke nan watannin turka sun faɗo cikin bazara, lokacin da daji ya ƙone, harawa da dusa suka fi tsada. Wanda bai tanada tun kaka ba, ribarsa a wurin mai sayar da harawa za ta ƙare. Saboda haka a daminar 2023 malamin ya raba gonarsa, ya sa gero da wake a gefe guda, gyaɗa a ɗaya gefen, ya tuge harawar tun ganyen bai zube ba, ya shanya ta a inuwa. Ya tara ƙowar wake a buhuna, ya jingine karan gero, ya kuma hana a sare gawo biyu da ke gonar, domin gawo itace ne mai saɓa wa sauran itatuwa, yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, 'ya'yansa kuma abinci ne mai sa ƙiba.

Dattijon bai tsaya nan ba, sai da ya raka shi kasuwar Wudil wata Juma'a bayan an gama girbi. Ya nuna masa yadda ake buɗe bakin akuya a duba haƙoran ƙasa: wadda ta fitar da manya biyu a tsakiya ta ɗan haura shekara, ita ce abin saye, wadda kuwa haƙoranta suka cika suka fara cinyewa ta ba da baya. Ya sa shi duba ido da hanci ko akwai kwantsa ko majina, da ƙarƙashin wutsiya ko akwai alamar zawo, da hantsa ko nonuwan biyu lafiya suke. Ya gargaɗe shi cewa dabbar da ta fito daga kara ta gogi jikin ɗaruruwa, don haka a ɗaure ta ita kaɗai mako biyu ko uku kafin ta haɗu da wasu. Babbar abokiyar gabar awaki ita ce cutar nan mai zuwa da zazzaɓi da majina da gyambon baki da zawo, wadda likitocin dabbobi ke kira PPR, tana iya share turke cikin kwanaki kaɗan. Tana da rigakafi, ana yinsa a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom da ke kusa da Jos, wadda aka kafa tun 1924, kuma allura ɗaya tana kare dabba shekara 3. Haka nan annobar da ke kashe kajin gida da hunturu, ita ma tana da nata rigakafin da ake ɗiga wa kaza a ido ko a sa mata a ruwa. Abu na ƙarshe da ya ja masa kunne a kai shi ne leda, domin akuyar da ke yawo a bola tana haɗiye ta, ta cushe mata tumbi, ta yi ta ramewa ba a san dalili ba.

Ran nan malamin ya komo gida da jajayen awaki 4. Bai sayi bunsuru ba, tun da akwai nagari a gidan wansa. Uwargida ta zaɓo kaji 10 da zakara daga gidajen da ta sani, ba ta yarda da na kasuwa ba. Kaza kwana 21 take kwanci, da damina kuma takan sa wa mai kwanci ƙwan zabi, wanda ke ɗaukar kamar mako 4, domin zabuwa ba ta iya reno ba. A watan Maris na 2024 ya sayo raguna 2 'Yanƙasa ya turke, yana ba su harawa da dusa da ƙowa da 'yar kanwa a ruwa. Kuɗin da suka rage bai taɓa su ba, ya ajiye don magani da abin da ba a sani ba.

Ba a rasa hasara ba, gama babu kiwon da ba ta. Shirwa ta ɗauki 'yan tsaki, sanyin damina ya kashe fiye da rabin 'ya'yan zabin farko, akuya ɗaya kuma ta yi ɓari. Amma babu hasarar da ta kai ta durƙusar da gidan. Da Salla ta zo an yanka rago ɗaya, kuɗin ɗayan kuma suka mayar da abin da aka kashe wa duka biyun. Kafin ƙarshen 2025 awaki sun kai 12, ban da taure biyu da aka yanka da uku da aka sayar, ɗaya don kuɗin rajistar yaron da ya sami jami'a. Takin da ake sharewa daga turke ya koma gona a kan amalanken wansa, har dattijon ya yarda cewa geron ƙanensa ya fi na bara kai. Ya dai ce har gobe sa ya fi, malamin kuma bai yi masa musu ba, domin ga mai eka 10 da 'ya'ya maza a gona hakan ne.

Wani abin lura shi ne, da awakin suka kai 12 malamin ya tsaya a nan, ko da yake uwargida ta so a bar su su yi ta yaɗuwa. Ya ƙirga damin harawarsa ya ga iyakar abin da zai ɗauka ke nan har ruwa ya sauka, don haka duk abin da ya haura sai tukunya ko kasuwa. Ta ce masa, “Malam, kai dai ba ka son a ce da kai mai garke.” Ya ce, “Ina so mana, in kin samo mini gonar da za ta ciyar da shi.” A wannan shekara dai an ba wata gwauruwa maƙwabciyarsu akuya ɗaya kiwo bisa al'adar nan ta raba 'ya'ya, aka rage baki ɗaya a turke, ita kuma ta sami mafari.

Mai karatu da ke shirin kafa irin wannan gida ba lalle ne amsarsa ta zo daidai da ta wannan malami ba. Wanda ke bakin fadama yana iya samun agwagi sun fi masa, wanda ke tsakiyar birni tattabaru ko zomaye, wanda ke da faɗin gona da ma'aikata kuma shanu. Abin da ba ya sakewa shi ne tsarin tambayoyin: me gona za ta bari, wa zai tsaya a kan dabbar, baki nawa ne za su ci, kuma hasara nawa gidan zai iya ɗauka ya tashi. Wanda ya amsa waɗannan tun yana zaurensa, in ya shiga kara zai san gefen da zai dosa, dillali kuma ba zai zaɓa masa ba. Hausawa dai sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.